Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Unguwa, Liman Da Dattawan Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah ya gafarta Malam Liman, iyayenmu dattawa na kwamitin unguwa, ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta. Allah ya ƙara girma, ya ja kwana, ya sa ku gama lafiya.

Ni 'yarku ce. A lungun bayan masallaci aka binne cibiyata, a soron marigayi Malam na yi babbaƙu da farfaru, kuma yau shekara 19 ke nan ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin gwamnati a nan cikin birnin Kano. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Mu 26 ne, matan Islamiyyar dare da na adashen ranar Juma'a, akwai 'yan gida akwai 'yan haya, akwai matan aure akwai zawarawa. Ban ambaci sunan unguwa ba, ban kuma kama sunan kowa ba, domin ba tonon silili ne ya kawo mu ba. Sau biyu muna aikawa a nema mana iso a wurinku kan maganar yarinyar da aka yi wa fyaɗe a watan da ya wuce, sau biyun ana dawo mana da cewa magana ta riga ta mutu, mata su yi haƙuri. Shi ya sa muka rubuto a fili. Mun kuma san akwai unguwanni da yawa da za su karanta su zaci da su muke.

Kafin koke, bari in faɗi abin da ba za mu taɓa musantawa ba. Ina 'yar shekara 13 mahaifinmu ya rasu, ya bar mu bakwai da mahaifiyarmu, abin da ke gidan bai wuce kwano biyu na gero ba. Kafin hantsi an kawo likkafani daga gidan da ke kallon namu, samari sun tafi haƙa kabari, an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin titi. Kwana bakwai ba a ɗora tukunya a gidanmu ba, kuma ba wanda ya kwana da yunwa. Kwanukan tuwo ne ke ta shigowa, ba ma sanin daga ina suke sai mun kifa kwano mun duba ɗigon jan farcen da aka yi wa gindinsa alama, sannan mu san gidan da za a mayar. Kuɗin jarrabawata ta gama sakandare a masallaci aka haɗa su bayan isha'i. Har yau ban san waɗanda suka bayar ba, don Limamin wancan lokaci ya hana a faɗa. Rufin asirin da muka tashi muka tarar ke nan, kuma da shi na zama abin da na zama.

A watan Afrilun 2020 da aka kulle Kano saboda korona, ga azumi ya kama, ga manya suna ta faɗuwa, ta kan katanga ake miƙa wa maƙwabci gasarar kunu da sikari. A farkon 2023 da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1000 kuɗi suka ɓace, mai shagon bakin masallaci sabon littafin bashi ya buɗe, yana auna wa mutane shinkafa da mai ba shaida ba jingina, saboda ya san kakan kowa. Ƙanwata tana aure a wata sabuwar unguwa ta bayan gari inda kowa ke cikin get ɗinsa. Naƙuda ta kama ta da tsakar dare mijinta ba ya gari, ta buga gida uku ba wanda ya leƙo. A nan kuwa tari mai ƙarfi ka yi da dare, da safe sai an aiko yaro ya tambayi jiki.

Ƙarfin kalmarku ma na gan shi da idona. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Asibitin Zana lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, don haka tsoronsu yana da tushe. An dawo da rigakafin a 2004, amma shekaru bayan nan muna yawo da akwatin sanyi ƙofofi a rufe muke tararwa, wani gidan ma a ɓoye yara a ƙarƙashin gado. Abin ya fara sauyawa ne da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na lafiya a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi, umarni ya gangaro daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Sai ga Mai Unguwa a gaba, mu muna biye, yana sallama a soro yana kiran mai gida da sunansa. Ƙofar da ta gagare mu shekara biyu, sallama ɗaya ta buɗe ta. Tun 2014 ba a sake samun yaron da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano ba.

Wannan ƙarfin ne, iyayenmu, aka ɗora a kan yarinya 'yar shekara 9 a watan da ya wuce.

Kun san maganar, amma ba ku ji ta daga bakinmu ba. An aiki yarinyar sayen gawayi bayan magariba. Wani saurayi ɗan babban gida, wanda ta saba kira Yaya, ya ja ta kangon nan da ba a ƙarasa gininsa ba, ya lalata ta. Wajen ƙarfe 10 na dare uwarta ta shigo da ita wurina goye a baya kamar jaririya, ƙafafunta na reto, har lokacin tana damƙe da canjin gawayin a hannu, ta ƙi saki. Na duba ta, na ce a tafi asibiti yanzu-yanzu. Kafin uban ya samo adaidaita sahu, saƙo ya riga ya iso cewa kada a kai maganar ko'ina, manya za su zauna. Mai gidana ya ce in dakata tukuna, gidan yaron surukan yayarsa ne. Na dakata.

A nan dole in fara da kaina. Na sani sarai cewa maganin da ke kare wanda aka yi wa fyaɗe daga kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, in ya wuce haka ya rasa amfani. Na san hujjar da likita zai iya gani tana gushewa da wanka da wucewar kwanaki. Na san akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da aka buɗe musamman don irin wannan. Duk da haka na wanke mata jiki, na ba ta maganin zafi, na zauna ina jiran manya, saboda ina tsoron a ce ni ce na fitar da asirin unguwa. Sai rana ta huɗu kuka zauna. Zan amsa tambayar waɗannan kwanaki a gaban Allah, kuma tun daga ranar ban yi barci mai daɗi ba. Idan ni da na yi karatun abin kunyar idon jama'a ta ɗaure ni haka, ina ga uwar da ba ta da kowa a garin nan?

Abin da aka yanke a soro shi ne gidan yaron su ba da naira 150,000 kuɗin magani, a tura shi wurin kawunsa a wani gari har ƙura ta lafa, uban yarinya ya ce ya yafe. Ba a kira uwar ba. Ba a kira ni da na duba yarinyar ba. Ba mace ko ɗaya a wurin. An sa uban a tsakiyar mutum goma sha wani abu, cikinsu har da mai gidan da yake haya da wanda ya tsaya masa ya sami wurin kafa teburin shayi, aka tambaye shi ko ya yafe. Me zai ce? Bayan mako biyu mai gidan ya ce yana bukatar ɗakinsa. Ina tsaye a ƙofar gida bayan asuba suka wuce da kayansu a kan kura, katifa ɗaya da buhun kwanuka da risho, yarinyar tana bin bayan kurar kanta a ƙasa. Lungun da ba ya rabo da mutane, ranar ba wanda ya fito yi musu sallama.

Allah ya gafarta Malam, daga bakinka muka ji labarin matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne in babba ya yi sata a ƙyale shi, in mai rauni ya yi a tsayar masa da haddi. Kai ka fassara mana aya ta 135 ta Suratun Nisa'i, cewa mu tsayu da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Kai ka koya mana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Mun yarda wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa. To yarinyar nan ita ma Musulma ce, kuma babu gidan da ba a san abin da ya same ta ba. Har wurin markaɗe ana nuna ta. Nata asirin a buɗe yake, na wanda ya cuce ta ne aka rufe.

Ga abin da hukuncin ya haifar. Yarinyar ta daina zuwa makaranta, ta koma fitsarin kwance, in namiji ya yi sallama sai ta shige bayan ƙofa. Yaron yana can gidan kawunsa inda akwai ƙananan yara mata, kuma mun tabbatar ba a gaya wa matan gidan dalilin zuwansa ba. Samarin majalisa duk sun ji farashin da aka sa, sun ji kuma wanda aka kora. Iyaye mata sun fara janye 'ya'yansu daga Islamiyyar yamma. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, daren da muka zauna kan rubuta wannan wasiƙa, mata biyu daga cikinmu, masu 'ya'ya da jikoki a hanya, suka fashe da kuka suka ce su ma an yi musu suna yara, a unguwar nan, kuma haka aka kashe maganar a soro. Ɗaya ta ce har yau tana haɗuwa da mutumin a gidan biki, dole ta durƙusa ta gaishe shi.

Sulhu alheri ne, kuma babu mai yi muku gardama a kan rikicin iyakar gida, ko bashi, ko faɗan kishiyoyi, ko saɓanin mata da miji. Kun raba mu da zaryar kotu sau ba adadi, Allah ya saka. Fyaɗe kuwa ya fi ƙarfin soro. Babban laifi ne a shari'a da dokar ƙasa, kuma tun 2023 jihar Kano tana da dokar kare haƙƙin yara.

Koke na biyu shi ne yadda muke ɗaukar 'yan haya. Uban yarinyar nan shekararsa 11 a unguwar. Yana biyan kuɗin 'yan sintiri, yana ba da nasa in taransifoma ta lalace, yana fitowa yasar kwata kafin damina, a sahun farko yake sallar asuba don da wuri yake hura wutar shayi. Amma ranar da ya bukaci unguwa, sai aka tuna baƙo ne. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da ɗan mai shayi ne ya taɓa 'yar babban gida, ba a kai kwana huɗu ana jiran zama, kuma ba lallai ne ya kai ofishin 'yan sanda da ƙafafunsa ba. In an yi sata ɗakin ɗan haya ake fara dubawa. In ana rabon zakka ko tallafi, sunansa ne a ƙarshen takarda, in ma an rubuta.

Abin yana ba ni mamaki a gari irin Kano. Ku duba sunayen unguwannin cikin ganuwa: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa, Sharifai. Kowanne yana faɗin inda mutanensa suka fito. Wangarawan da suka zo da malanta daga Mali zamanin Sarki Yaji baƙi ne. Shehu Magili da ya zauna da Sarki Muhammadu Rumfa baƙo ne. Fataken da suka raya Kasuwar Kurmi da ayari suka iso. Mu da ke kiran kanmu 'yan asali, in aka bi salsala, kakan kowa wata rana ya taɓa sauke kaya a soron wani yana neman masauki, aka ba shi.

Na uku, maganar ƙwaya. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma a lungunmu ba a rasa shi ba, ga tiramol, ga sholisho. Babu wanda bai san ɗakin da ake sayarwa ba. Yaro ɗan shekara 7 ma zai nuna maka. An bar mai sayarwar saboda marayan wane ne, kakarsa tsohuwa ce mai hawan jini, kada a ɗaga mata hankali. Tausayin tsohuwa ɗaya ya sa iyaye mata da yawa suna kwana da ido biyu. Yaran da ke tare mutane da wuƙa suna ƙwacen waya a bakin titi da asuba ba daga sama suka faɗo ba, mun san iyayensu, mun je sunansu. Da an kama ɗaya kuma, kafin azahar an haɗa tawagar zuwa beli.

Na huɗu ya shafe ni a jiki, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa. Auren zumunci aka yi mini da ɗan wan mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ban ƙi ba, kuma mijina mutumin kirki ne. A lokacin ba a maganar gwaji. Ashe ni AS ce, shi ma AS, wato dukanmu muna ɗauke da sikila a jini ba tare da ta kwantar da mu ba. Cikin 'ya'yanmu biyar, biyu sun zo da sikila. Na farkon ya rasu yana shekara 6, cikin sanyin hunturu. Ba zan manta daren ba. Yana kwance a cinyata idanunsa sun yi ɗorawa, yana cewa, “Umma, ki ce su daina sara mini ƙafa.” Maƙwabcinmu ne ya fito da motarsa ƙarfe biyun dare ba tare da an roƙe shi ba, samari huɗu daga majalisa suka bi mu asibiti suka miƙa hannu a ɗebi jininsu. Ba zan iya biyansu ba har abada. Amma a hanyar dawowa da gawar, abin da ke yawo a raina shi ne, zumuncin da ya ba ɗana jini, shi ne ya ƙulla auren ba tare da kowa ya tambayi komai ba.

Auren dangi halal ne, ba mu zo haramta abin da Allah ya halatta ba, kuma bare da bare ma suna haifar sikila in dukansu suna ɗauke da ita. Sai dai abin da ke jinin kaka ɗaya ya fi saurin haɗuwa a jikokinsa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ita, da yawa ba su ma sani ba, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar duk shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. In AS ya auri AS, kowane ciki da aka samu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato da ciwon sikila. Mutane suna ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu. Ba haka lissafin yake ba, kowane ciki da nasa rabon, ana iya jera uku.

A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, na nau'in jini (AA, AS ko SS) da ciwon hanta da ƙanjamau. Mun yi murna. To amma ga yadda ake yi a unguwarmu: sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an kawo lefe an zaga da shi gida-gida, an fitar da anko, saura mako guda, sannan a tura yara gwaji don a sami takardar nuna wa Liman. In sakamako ya fito AS da AS, wa ke da ƙarfin halin cewa a fasa? Sai a ce za a ɓata zumuncin shekara 50, a ce cuta da lafiya na Allah ne, a je a nemo wata takardar a wani wuri. A bana kaɗai na san aure biyu da aka ɗaura a haka. Yarinya ɗaya da ta tsaya ta ce ba za ta yi ba, har yau gwaggwanninta ba sa amsa gaisuwarta, an ce boko ya sa ta raina iyaye. Ni da na binne ɗa, na je na riƙe hannunta na ce ta yi daidai, kuma ina so wani daga cikinku ya faɗa mata haka.

Na biyar, bakin mutane. Inda kowa ya san kowa, ciwo ma sai ya zama abin kunya. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha a warke, amma mutumin unguwarmu ya gwammace ya tsallaka can wani gefen gari ya karɓa don kada a gan shi a layi, in kuɗin mota ya yanke sai ya daina sha, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya kuma shafa wa 'ya'yansa. Lokacin mashaƙo a 2023 an ɓoye yara a ɗaka har maƙogwaro ya toshe. Akwai gidan da saurayi mai taɓin hankali yake ɗaure a ɗakin baya shekara biyu, an ƙi kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau don kada 'yan'uwansa mata su rasa manema. Bazawarar da ta sami aiki tana fita da safe, kafin wata guda an ƙaga mata labari a dakali.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A warware hukuncin da aka yanke. A dawo da yaron nan a miƙa shi ga hukuma, kuma tun yau a sanar da matan gidan kawunsa abin da ya kai shi can. Uwar yarinyar ta ce tana son a bi mata haƙƙin 'yarta, kuma mun yi mata alkawarin za mu raka ta ta kai ƙara. Mun fi son mu tafi Mai Unguwa yana gaba, kamar yadda ya shige mana gaba lokacin rigakafi. In hakan bai samu ba, za mu raka ta duk da haka, kuma mun ga ya fi mutunci ku ji daga bakinmu tun yanzu.

A nemi iyalin nan a ba su haƙuri a bainar jama'a, a masallacin da uban ya yi shekara 11 yana salla. In suna son dawowa a sama musu ɗaki, in ba sa so a biya musu hayar inda suka koma daga asusun unguwa. Yarinyar tana bukatar a sake yi mata gwajin jini nan da wata uku, tana bukatar mai ba da shawara da zai riƙa zama da ita, tana bukatar komawa makaranta. Mu matan adashe mun ware kwasar wannan watan don haka, amma ba za ta isa ba.

A yi doka a faɗe ta a masallaci bayan sallar Juma'a, kowa ya ji: duk yaron da aka taɓa, mace ko namiji, asibiti za a fara kai shi a daren, ba sai an jira izinin kowa ba, kuma wanda ya kai shi bai yi wa unguwa laifi ba. Da akwai wannan dokar a watan jiya, da ban zauna jira ba.

Allah ya gafarta Malam, muna roƙon kada a karɓi kuɗin gaisuwa ko a sa rana a unguwar nan sai an yi gwaji, tun magana tana tsakanin mutum huɗu, lokacin da janyewa ba za ta zama abin kunya ga kowa ba. Ranar ɗaurin aure kuma ka duba takardar da kanka, ka san asibitin da ta fito. In ka yi huɗuba ɗaya ka ce fasa aure saboda sakamakon gwaji ba yanke zumunci ba ne, za ta yi aikin da mu ma'aikatan lafiya ba za mu yi a shekara goma ba.

Mai sayar da ƙwaya a kira shi a ba shi wa'adi, a haɗa masa jarin wata sana'ar in zai karɓa, in ya ƙi a kai sunansa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da sa hannun kwamiti gaba ɗaya, don kada a bar mutum ɗaya da gaba. Kakarsa kuma mu mata mun ɗauki nauyin kula da ita.

Sannan a ba mu wurin zama. Muna neman mata biyu dattijai da mutum biyu daga 'yan haya a kwamitin unguwa. Ba shugabanci muke nema ba. Akwai abin da yarinya ba za ta taɓa faɗa a gaban maza goma ba, amma za ta raɗa wa tsohuwa a kunne. Akwai abin da ɗan haya yake gani wanda mai gida ba ya gani. Duk maganar da ta shafi mace ko yaro, kada a sake yanke ta ba tare da uwar tana wurin ba.

Mun san wasu za su ce mun yi rashin kunya, mata sun rubuta wa iyayensu wasiƙa a bainar duniya. Wasu cikinmu mazajensu ba su so ba, wata ma an ce in sunanta ya fito ta tafi gidansu. Mun auna duk wannan kafin mu rubuta. A nan aka haife mu, a nan muke so a yi mana sutura, ku ne za ku sallace mu, shi ya sa ba mu iya yin shiru ba.

Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu, mu shida za mu zo soron Mai Unguwa tare da mazajen biyu daga cikinmu da suka yarda su rako mu. Uwar yarinyar ta ce za ta zo, in har an tabbatar mata ba za a zaunar da ita tabarma ɗaya da mutanen gidan yaron ba, kuma ba za a sa ta maimaita labarin a gaban taro ba. Muna roƙon a aiko mana da wannan tabbacin kafin ranar Juma'a, don mu sami lokacin zuwa ɗauko ta.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
a madadin matan Islamiyyar dare da na adashen Juma'a.